Fuskokin mutane suna fitowa baƙi a sabuwar kyamarata, ina matsalar take?

Ƴar Bilbis, Tawa

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon waɗanda suka san aikin hoto.

Yayana da ke cin rani a Abijan ya zo gida bayan damina, ya kawo mini kyamara Canon 600D ta hannu, da idonta guda ɗaya wanda aka rubuta 18-55 a jikinsa, da batir ɗaya da caja da kat memwar mai jiga 16. Ya san tun ina lakwal nake son hoto, duk sunan da aka yi a unguwarmu ni ce mai riƙe salula. Ya ce in koya da kyau ko Allah zai sa ta zama sana'a. Littafin bayaninta bai zo da ita ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce aka yi sunan ɗan yayata. Na sa maɓallin sama a kan koren nan mai A+ kamar yadda yaya ya nuna mini, na ɗauki hoto fiye da 200. Da dare na zauna ina dubawa, wallahi raina ya ɓaci.

Da safe wurin fatiha maza suna zaune kan tabarmi a ƙofar gida, kusan kowa da farar shadda. Rigunan sun fito tas, har aikin wuya ana gani zare-zare, amma fuskoki baƙi ƙirin. Kakanmu da ya taso tun daga ƙauye, ko idanunsa ba a gani a ƙarƙashin rawani. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, don tsufa ya kama shi, ba kullum yake zuwa Tawa ba.

Da dare kuma a cikin gida, filashi yana ta tashi da kansa yana haske wa jariri ido, mai jego ta ce in daina. Sai na murɗa zuwa alamar walƙiyar da aka soke. Daga nan duk abin da na ɗauka ya fito dishi-dishi, hannuwan mata masu tafi kamar hayaƙi, komai kuma ruwan ɗorawa. Ƙanwata da ke tsaye kusa da ni da salula, nata sun fi nawa.

Akwai kuma wasu ɗigo uku baƙaƙe. Na je bakin tabkin Babaye da marece na ɗauki sama da ruwa, ko wane hoto ɗigon suna nan a wuri ɗaya.

Saura mako uku auren ƙawata, sun ce ni zan yi musu hoto, har sun yi maganar jika 15. Kyamarar ce ta lalace ko ni ce ban iya ba? In ta lalace gara in gaya musu tun yanzu su nemi wani.

Tsohon Mai Foto, Yamai

Wa alaikumus salam ɗiyata. Kwantar da hankalinki, kyamararki lafiyarta lau. Abin da ya same ki a ƙofar gida ya sami duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton ɗaurin aure a ƙasar nan. Ni na fara tun zamanin fim mai hoto 36, lokacin da sai an wanke kake sanin ɓarnar da ka yi.

Kyamara tana da ma'aunin haske a cikinta, amma ba ta san mutum ba, ba ta san shadda ba. Duk abin da kika nuna mata, ƙoƙarinta ta mayar da shi tsaka-tsaki, kamar launin toka. Da ta ga farin kaya sun cika wuri ga rana ta buga su, sai ta ce haske ya yi yawa, ta rage. Rigar ta yi kyau, fuskar da dama baƙa ce kuma tana cikin inuwar rawani ta nutse. Salular ƙanwarki ta fi ki ne saboda ita tana ɗaukar hotuna da yawa cikin ƙiftawar ido, ta haɗa su, ta gano fuska ta haskaka ta. Taki kyamarar tana jiran ki gaya mata abin da kike so, a kan koren A+ kuwa ta rufe miki baki.

To ki bar koren nan. Murɗa zuwa Av. A bayan kyamarar akwai ɗan maɓalli mai alamar Av da +/-. Ki danne shi da babban yatsa, ki juya ƙaramar tayar da ke kusa da wurin ɗauka, za ki ga alama tana tafiya a kan wani layi mai sifili a tsakiya. In fararen kaya sun yi yawa, kai ta +1. Ɗauki, ki duba fuska, kada ki duba riga. In har yanzu da duhu ƙara kaɗan. In kin danna INFO lokacin da kike kallon hoton, wurin da haske ya ƙone zai riƙa ƙyaftawa. Kafaɗar riga ta ɗan ƙyafta ba komai, dangi fuska suke nema. Amma in goshi ya fara ƙyaftawa, kin wuce gona da iri, ki koma baya. Kuma in kin gama ki mayar da alamar kan sifili, don tana zama a inda kika bar ta ko kin kashe kyamarar.

Abin da ya fi wannan duka shi ne ki tayar da mutum daga rana. Ranar ƙasarmu daga hantsi zuwa la'asar a tsakiyar kai take, tana zuba inuwa cikin ramin ido da ƙarƙashin hula. Da ni ne, bayan an shafa fatiha sai in durƙusa gaban tsohon in roƙe shi ya zo bakin zaure, ya zauna daga ciki kaɗan yana fuskantar waje. Hasken da ke shigowa ta ƙofar zaure mai laushi ne, yana shiga har cikin ido, bayansa kuma duhu ne, sai fuskar ta fito da kwarjininta. Babu fitilar situdiyo da na taɓa saya da ta fi mini bakin zaure.

Yanzu lambobin da kike gani a gilashin baya. Uku ne ke raba aikin haske a tsakaninsu. Mai harafin f faɗin ƙofar da ke cikin idon kyamara ne. Kin ga idon kyanwa da rana yadda yake tsukewa, da dare ya buɗe? Haka yake, sai dai lambar a juye take: f/3.5 a buɗe, f/16 a tsuke. Jerin 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, ko wane taki gaba yana raba hasken biyu. In ƙofar a buɗe take, mutumin da kika saita a kansa ne kawai zai fito garau, bayansa ya narke. In mutane ne layi biyu ko uku, sai f/8 don na baya ma su fito. Ta biyu, irin 1/60 ko 1/500, tsawon lokacin da labulen ciki ke buɗewa ne, kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa ko cikin 500. Ta uku ISO. Shi kamar ƙara muryar rediyo ne lokacin da tashar ke nesa: maganar za ta ƙaru, amma shuuu ɗin ma zai ƙaru. A hoto shuuu ɗin shi ne tsaki-tsakin da ke fitowa kamar rairayi. Da rana bar shi a 100 ko 200.

A kan Av ke kike zaɓar f da ISO, kyamara ta zaɓi saurin labule. Ki saba da kallon lambar saurin a cikin ramin leƙawa kafin ki danna. Na daren nan da suka yi dishi-dishi, ki buɗe ɗaya ki danna INFO, na tabbata za ki ga 1/8 ko 1/15. A wannan jinkirin ko numfashinki ya isa ya ɓata hoto, balle mace mai tafi.

Ɗan Fage, Tawa

Baba ya gama magana a kan fuska. Ni zan ƙara a kan motsi da ƙura, don a filin kokawa nake yawan ɗauka, kuma babu inda ya kai can motsi da ƙura.

Ƙanwata, ga abin da na gwada da hannuna. Mutum a zaune shiru, 1/60 zuwa 1/100 ya isa. Mai tafiya ko yara, 1/250. Rawa da tafi, 1/250 zuwa 1/500. Kaye a fage kuwa, lokacin da ƙafar ɗan kokawa ta bar ƙasa, ba na sauka ƙasa da 1/1000, in sa AI Servo don saitin ya bi su, in danne maɓalli ta yi ta harbawa. Irin taki tana yin kusan hoto 4 a daƙiƙa. Akwai wani makunni a jikin idon da aka rubuta Stabilizer, ki bar shi a ON, amma ki sani rawar hannunki kawai yake ragewa, ba ya tsayar da mai rawa. Kusa da shi akwai AF da MF, ki tabbata yana kan AF, wato kyamara ta yi saiti da kanta.

Da dare matsalarki idon nan 18-55 ne. In kin buɗe shi a 18 yana kaiwa f/3.5, amma da kin jawo mutum kusa zuwa 55 sai ya tsuke zuwa f/5.6, hasken da ke shiga bai kai rabin na farko ba. Saboda haka da dare kada ki jawo da ido, ki bar shi wajen 18 zuwa 24, ki matsa da ƙafarki. ISO kuma kada ki ji tsoronsa, kai shi 1600, in ta kama 3200. Hoto mai tsaki-tsaki wanda ake gane amarya ana karɓarsa, mai dishi-dishi babu mai gyara shi. Kuma ki kawo haskenki. Fitilun nan masu caji farare da ake sayarwa a kasuwa, ki samu babba, ki ba wata yarinya ta riƙe daga gefe, sama da kai kaɗan. In an ɗauke wuta tsakiyar biki ma ita za ta fishe ki. Filashin kan kyamarar ƙarami ne, bayan mita uku ko huɗu ba ya yin wani abin kirki.

In kika ga launi yana canzawa daga hoto zuwa hoto a ƙarƙashin doguwar fitila, ko wani layi mai duhu ya ratsa, wutarmu ce mai bugawa 50 a daƙiƙa. Ki sa 1/100 ko 1/50, zai daina.

Ɗigon nan uku ƙura ce a kan farantin da ke karɓar hoto, can ciki bayan madubi. Gwajinsa: sa Av, kai f/22, ɗauki sama ko farin bango. Za su fito ɓaro-ɓaro. A f/4 ko f/5.6 da ƙyar za ki gan su, don haka ba za su ɓata miki hoton biki ba. Kyamarar tana karkaɗe kanta duk lokacin da aka kunna ko aka kashe, amma wadda ta manne sai an hura. Ki nemi ƴar robar hura iska ta masu hoto, batir a cike, ki shiga menu wurin Nettoyage capteur, wato share farantin, ki zaɓi na hannu, madubi zai ɗaga, ki cire idon, ki kifa bakin kyamarar ƙasa ki hura sau biyar ko shida ba tare da robar ta taɓa komai ba. Don Allah kada ki hura da baki, kada ki sa bakin mayafi ko auduga. Na taɓa goge nawa da gefen riga a farkon farawa, na ja masa zane, kuɗin gyaran ya kusa kuɗin kyamarar. Yanzu da hunturu ya shigo, tunda ido ɗaya gare ki, in ba don hurawar nan ba kada ma ki cire shi. In kin hau kabu-kabu ki sa ta cikin leda sannan cikin jaka. Lokacin zafi kuma ki tuna Canon sun rubuta ta yi aiki tsakanin digiri 0 da 40, kin kuwa san watan Afrilu a Tawa. Kada ki bar ta cikin mota ko kan tabarma a rana.

Inda na ɗan saba da Baba, da girmamawa, ni da M zan ce ki fara, inda ke kike zaɓar f da saurin labule da ISO duka da hannunki. A nan ne hannu ke koyon lambobin da gaske. Da rana tsaka, ISO 100, 1/100, f/16, daga nan ki riƙa lissafi.

Tsohon Mai Foto, Yamai

Ɗana, maganarka gaskiya ce ga wanda ke da wata shida. Ita mako uku gare ta. A gidan biki za ta fito daga ɗakin amarya zuwa tsakar gida zuwa ƙarƙashin rumfa cikin minti biyu, in tana kan M ta manta ta canza, hoto goma za su ƙone kafin ta lura. Ta yi bikin da Av, da dare in hasken wurin ya tsaya iri ɗaya ta koma M. Bayan biki ta zauna da M ɗin ta koya a tsanake.

Ɗiyata, in kuɗi sun shigo, abin da za ki fara saya batir na biyu ne, sunansa LP-E8. Bayansa ido mai 50mm f/1.8, shi ne mafi araha a idanun Canon, kuma hasken da yake shigarwa ya kusa ninki goma na naki a 55. Sai dai a kan kyamararki yana jawo abu kusa, kamar 80 yake zama, a ƙaramin ɗaki bango zai tare ki kafin mutum uku su shiga hoto.

Tanti Mai Kyamara, Yamai

Sannu ƙanwata, na ji daɗin ganin mace tana tambayar nan. Ki riƙe sana'ar da kyau, don inda za ki shiga namiji ba ya shiga. Ɗakin amarya, wurin ƙunshi, wurin wanka da shiri, duk naki ne.

Ruwan ɗorawar da kika gani daga ƙwan fitila ne. Maɓallin WB, mai daidaita launin haske, yana bayan kyamarar. In ƙwai mai jan haske ne, zaɓi alamar ƙwan fitila, in doguwar fara ce zaɓi tata. Wanda ya fi ba ni wahala shi ne rumfar tamfol. Shuɗiya tana mayar da fuska kamar ta marar lafiya, ja kuma tana sa kowa ya yi jawur. In hoton mai muhimmanci ne, ina jawo mutum bakin rumfar inda hasken waje ke taɓa fuskarsa. Kuma ranar biki ki sa RAW+L a menu, wato ta ajiye kowane hoto iri biyu: ɗanye (RAW) da gama-gari (JPEG). Kowane hoto zai ci wajen mega 30, katinki zai ɗauki kusan 500. Amfaninsa, in launi ya karkace ko fuska ta yi duhu, RAW ɗin yana gyaruwa a kwamfuta fiye da JPEG nesa ba kusa ba. Kafin ranar ki kwashe abin da ke kan katin, ki yi masa format a cikin kyamarar kanta.

Wurin saiti, kyamararki tana da ɗigo tara a ramin leƙawa. In kin bar mata zaɓi, abin da ya fi kusa take kamawa, sau da yawa hannun wata ko kwanon da ke gaba. Ki zaɓi na tsakiya shi kaɗai, ki ɗora shi a kan idon amarya, ki danna rabi har ta yi ƙara, sannan ki gyara tsayuwar hoton ki ƙarasa dannawa. Hoton lalle kuma ki kai ta bakin taga, hannuwan a kan zane mai launi ɗaya, ki sa 55 ki matso.

Ki riƙa leƙawa ta rami, ki rage kallon gilashin baya. Da rami batir yana kaiwa hoto wajen 440, da gilashi bai fi 180 ba.

Sai abin da babu shi a menu. Wurin mata, wata ta cire mayafi don ta san babu namiji, wata mijinta ba ya so, wata ita ce ba ta so. Ki tambaya kafin ki ɗaga kyamara, wadda ta kau da kai ki bar ta. Hotunan ki miƙa wa amarya ita kaɗai, kada ko ɗaya ya hau Facebook ko status ɗinki sai da izininta. Na san mai hoton da aka daina kira a unguwa guda saboda hoto ɗaya da ya fita. In za ki tura ta WhatsApp, tura a matsayin document, in ba haka ba zai matse hoton ya zubar da rabin kyansa. Kuma ki zauna da ƙawarki tun yanzu ta lissafa miki waɗanda dole a ɗauka: uwa, kaka, gwaggo, uwar wanka. Tsofaffin ki fara da su tun da sauran rana, don suna riga kowa tashi.

Ƴar Bilbis, Tawa

Allah ya saka muku da alheri, Baba, Tanti da yayana Ɗan Fage. Na duba na daren kamar yadda Baba ya ce, 1/10 na gani a yawancinsu.

Jiya bayan sallar Juma'a na roƙi babanmu kada ya cire farar rigarsa. Na fara ɗaukarsa a tsakar gida a kan sifili, fuskar ta yi duhu kamar na ranar suna. Na kai +1, ta fito. Sai na sa masa kujera a bakin zaure, Av, f/5.6, ISO 400, kyamara ta ba ni 1/125. Da na nuna masa ya daɗe yana kallo, har furfurar gemunsa ɗaya-ɗaya ana gani, ya ce a wanke masa wannan a aika wa yaya Abijan. Innarmu ta ce in an kwana biyu za mu je ƙauye, zan ɗauki kaka a bakin nasa zauren.

Da dare na sa ƙannena suna tafi, ƙanwata ta riƙe fitila mai caji, 18, f/3.5, ISO 1600, 1/160. Fuskoki sun tsaya, tafin hannu ne kawai ya ɗan ja, kuma ni ya yi mini kyau haka.

Robar hurawa ban samu a nan ba, na ba wani mai zuwa Yamai saƙo. Tambayata da ta rage: amarya za ta sa farin leshi mai ƙyalli, za a fito da ita bayan isha. Da fitila mai caji a gefe, in ƙara +1 ɗin nan ko in bar shi?

Tanti Mai Kyamara, Yamai

Da dare abin yana juyawa, ƙanwata. Duhun da ke bayanta zai sa kyamara ta ƙara haske da kanta, leshin ya ƙone fari fat babu zane. Fara a sifili, ki ɗauki ɗaya tun tana ɗaki, ki danna INFO. In leshin yana ƙyaftawa ko'ina ki sauko rabin taki ko fiye, ki sa mai fitilar ta ɗaga ta zuwa fuska, ta kau da ita daga ƙirji. Ki ari irin leshin wurin wata cikin makon nan, ki sa ƙanwarki ta yafa a tsakar gida bayan isha, ki rubuta lambobin da suka yi miki a takarda ki sa cikin jakar kyamara.